Ba a fafe gora ranar tafiya: Lissafin tsufan ɗan ci-rani a Bani Malik

Duk ɗan ci-ranin da ya haura shekara hamsin a Jidda yana da tambayar da ke hana shi barci, ko da bai taɓa furta ta a majalisa ba: ranar da kafili ya ce ba zai sake sabunta igama ba, da me za a ci tuwo? A gida, ma'aikacin gwamnati ko na kamfani idan ya doshi ritaya zancen fansho da giratuti yake yi, ko da biyan zai zo da jan ƙafa. Mu a nan babu wannan zancen. Dokar Saudiyya ba ta tanadar wa baƙo fansho ba, ko shekara arba'in ya yi yana aiki. Abin da ta tanada kuɗin sallama ne, dunƙule guda, a ba ka sau ɗaya, a buga maka bizar fita, shi ke nan an rabu.

Shekarata 22 ina aiki a wani shagon kayan gini a Bani Malik, bana kuma na cika 57 a duniya. Ka ga ke nan layin da nake magana a kai ina cikinsa. Kusan shekara biyu na yi ina bin maganar nan. Na karanta dokar ƙwadago sashe-sashe, na yi ta waya da waɗanda suka riga mu komawa Kano da Katsina da Maraɗi, na kuma zauna da dattawan da suka ce su ba inda za su. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawan abin da zai gyara tsufan mutum ko ya ɓata shi, tun yana nan da igamarsa a aljihu ake yanke shi. In an riga an buga fita, sai dai haƙuri.

Abin da rusau ya tona

Ga wanda bai san Bani Malik ba, tsohuwar unguwa ce a tsakiyar Jidda, gefen Shari'a Falasɗin, wadda ta yi suna da shagunan kayan gini da kayan gyaran mota. Lungunanta sun daɗe suna ɗauke da baƙi: 'yan Yaman, 'yan Sudan, 'yan Pakistan, 'yan Chadi, da mu.

A ƙarshen 2021 hukuma ta fara rushe unguwannin da ba a gina su bisa tsari ba. Aka bi ta Gulel da Betromin da Sabil da Kandara da Karantina, inda mutanenmu suka fi yawa. Bayan azumin 2022 katafila ta iso Bani Malik, ta kwashe tsofaffin lungunan. Diyya ta 'yan ƙasa ce masu gidajen. Baƙo ɗan haya ne, nasa bai wuce ya tattara komatsansa ya nemi wani wurin ba, a daidai lokacin da kuɗin haya ya tashi a ko'ina cikin gari.

Sai bayan nan muka gane cewa dattawa da yawa unguwar ce fanshonsu. Ɗaki mai araha, maƙwabcin da zai aiko da abinci, masallacin da kowa ya san ka, tela mai tsofaffin kwastomomi, Hajiya mai tuwo da waina da samari ke yi wa layi bayan Magariba. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda, amma da shi ake rayuwa. Da aka watse, wani ya yi gabas wani ya yi arewa, sai ga tsoho a sabuwar unguwa ba wanda ya san sunansa. Tun daga lokacin hirar majalisarmu ta canza, ta koma lissafi.

Ba duka muka zama ɗaya ba

Kafin a shiga lissafi, kowa ya san rukuninsa, domin mutanen gida sukan haɗa mu a kwando ɗaya su ce "yana Saudiyya".

Akwai Hausawa 'yan ƙasa, jikokin alhazan da suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan, waɗanda za ka ga sunansu ya ƙare da Hausawi. Su suna cikin tsarin fansho na hukumar Ta'aminat, wato GOSI: ana cire kaso daga albashinsu, mai aiki ya ƙara nasa, in sun ajiye aiki a riƙa biyansu duk wata. Sabuwar dokar 2024 ta ɗaga shekarun ritaya zuwa 65 ga sababbin shiga aiki. Wannan duk nasu ne.

Sai mu masu igama da kwantiragi a kamfani ko shago. Sunanmu yana cikin rajistar Ta'aminat, kuma nan ne wasu ke ruɗewa. Kashi 2 cikin ɗari da mai aiki ke biya a kanmu na haɗarin aiki ne kawai, in mutum ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Ba ya taruwa ya zama fansho. A da can baƙi ma suna cikin tsarin fanshon, ana cire musu kashi 5 cikin ɗari, har zuwa 1987 da aka fitar da su, aka ce a mayar wa kowa abin da aka cire masa. Wanda mahaifinsa ya yi aikin kamfani kafin wannan shekarar, kuma bai san ko ya karɓa ba, ba laifi ya bincika.

Sai ma'aikatan gida: masu shagala, direbobin gida, masu gadi na gida. Su dokar ƙwadago ba ta hau kansu ba, suna da tasu ƙa'idar daban, kuma sallamarsu albashin wata ɗaya ne a kan shekara huɗu a jere a gida ɗaya. 

Na ƙarshe su ne 'yan uwanmu marasa takarda. Ba kwantiragi, ba sallama, ba asusun banki. An buɗe ƙofar gyara ko fita ba tara a 2013, aka sake buɗewa a 2017, wasu suka bi, wasu suka zauna. Wanda ke wannan rukunin, abin da ya tara da hannunsa shi ne kawai nasa, kuma kamen dare ɗaya yana iya raba shi da shi in a ƙarƙashin katifa yake.

Nawa ne kuɗin sallamar?

Sunansa a nan mukafa'ar nihayatul hidima, mu dai mukafa'a muke cewa. Sashe na 84 na dokar ƙwadago ya fayyace lissafin: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Da albashin ƙarshe ake lissafi, har da alawus na dindindin irin na gida.

Bari mu ɗauki misali. Mai albashin riyal 2,500 da ya yi shekara 22 a wuri ɗaya: biyar ɗin farko sun ba shi 6,250, sauran 17 sun ba shi 42,500. Jimla riyal 48,750. In dala tana wajen naira 1,500, riyal ɗaya yana kamawa wajen naira 400, ka ga kuɗin sun doshi naira miliyan 19 da rabi.

Miliyan goma sha tara! Duk wanda ya ji a gida zai ce Alhaji ya dawo da arziki. To amma a raba su a gani. In Allah ya ara wa mutum shekara 15 bayan ajiye aiki, wata 180 ke nan. Kowane wata ya tashi da riyal 270, wajen naira 108,000. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Ashe abin da ake wa kallon arziki bai kai albashin ƙananan ma'aikata biyu ba, ga iyali, ga magani, ga kuɗin makaranta, kuma farashin kaya ba tsayawa zai yi ya jira ba.

Wannan rabon shi ne abu na farko da nake roƙon kowa ya yi. Ɗauki biro, ka fitar da mukafa'arka, ka raba ta gida 180. Lambar da ta fito ita ce fanshonka. Akwai ma na'urar lissafin a shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, yaro zai iya buɗe maka a waya.

Yadda aka rabu yana canza kuɗin

A nan ne mutane suka fi asara, kuma cikin fushi ake yin ta. Sashe na 85 ya ce wanda ya yi murabus da kansa kafin ya cika shekara biyu ba shi da komai. Daga biyu zuwa biyar, kashi ɗaya cikin uku. Daga biyar zuwa ƙasa da goma, kashi biyu cikin uku. Sai wanda ya cika goma ne yake karɓa cif.

Mai albashin riyal 2,000 da ya yi shekara tara, mukafa'arsa 13,000 ce. In ya yi zuciya ya ajiye aiki, 8,667 zai tashi da su. In ya daure ya cika goma, 15,000 ne. Fiye da riyal dubu shida tsakanin fushi da haƙurin shekara guda. Akwai kuma wata ƙofar: kwantiragin baƙo a dokance mai wa'adi ne. Wanda ya jira wa'adin ya cika, ya sanar a kan lokaci cewa ba zai sabunta ba, wannan ƙarewar kwantiragi ce, ba murabus ba, kuma haƙƙinsa cikakke ne. Don haka kowa ya shiga Qiwa ya duba ranar da kwantiraginsa zai ƙare, da albashin da aka rubuta a ciki.

Albashin da aka rubuta ɗin nan a kula da shi sosai. In ana ba ka 2,500 a hannu amma a takarda 1,500 ne, ranar sallama da takarda za a yi aiki. Haka in aka lallaɓa ka a shekarun ƙarshe aka ce kasuwa ba ta tafiya, a rage albashi ka ci gaba da zama, to ka sani ba na watan kawai aka rage ba, lissafin shekara ashirin aka rage. Wanda kuma ya yi naƙalin kafala zuwa wani kamfani, ya karɓi mukafa'arsa a tsohon wurin kafin ya wuce, domin a sabon wuri daga sifili zai fara ƙirga.

Doka ta ba mai aiki mako ɗaya ya biya in shi ya sallame ka, mako biyu in kai ka nemi tafiya. Akwai takardar da ake kira muhalasa, wadda kake sa hannu cewa ka karɓi duk haƙƙinka. Kada hannu ya hau ta sai kuɗi sun shiga asusu. Na san dattijon da ya sa hannu a kan alkawarin za a turo masa in ya isa gida, don kunyar maigidan da suka yi shekaru tare. Yau shekara uku ke nan yana jiran turowar. In an samu saɓani, ana fara kai ƙara ofishin sulhu na ma'aikatar, in ba a daidaita ba a wuce kotun ƙwadago, wadda ta fara aiki a 2018. Wa'adin kai ƙara wata 12 ne daga ranar rabuwa. Yin shari'a kana Jidda da igama mai rai daban, yin ta daga Kurna ko Ƙofar Ƙaura ta hannun wakili daban.

A zauna ko a tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, domin ba ta kuɗi ce kaɗai ba. Wani dattijo da muke sallah tare, wanda ya zo ƙasar nan tun ina makarantar allo, na taɓa tambayarsa.

Na ce, "Baba, yaran nan fa sun matsa ka koma."

Ya ce, "Ɗana, in koma wurin wa? Sa'o'ina duk sun kwanta dama. Ni dai fatana in Allah ya karɓi abinsa, a kai ni Makka a sallace ni a Harami."

Ba ni da bakin da zan ce masa a'a. Wannan buri ne da ya kawo kakanninmu da ƙafa. Amma ga mai iyali a kan igamarsa, lissafin zama yana da tsauri. Tun Yulin 2017 aka sa kuɗin murafiƙai a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka: riyal 100 a wata, ya koma 200, ya koma 300, ya tsaya a 400 tun 2020. Mace ɗaya da yara uku riyal 1,600 ne a wata, 19,200 a shekara. Shekara biyu da rabi sun kusa cinye mukafa'ar shekara 22 ɗin da muka lissafa, ba a yi zancen haya da abinci ba. Harajin saye kuma ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a 2020. Igamar dindindin da aka fito da ita a 2019 riyal 800,000 ce, wannan ba tamu ba ce.

Wasu suna komawa ƙarƙashin igamar ɗansu in yana da aikin da ya isa. Wasu suna tura iyali gida su zauna su kaɗai a ɗakin gwauraye, su ƙara shekara biyu ko uku suna tari. Kowace hanya da kuɗinta, kuma kuɗin ta biyun ba a riyal ake biyansa ba.

Sai maganar mawalid, yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, ba su san Kano ba sai a waya. Uba yana cewa "gida", su kuma nan ne gidan da suka sani. Wanda ke shirin komawa ya fara kai su hutu tun yanzu, ya nema musu fasfo da lambar NIN, ya kai takardun makarantarsu a buga musu hatimi kafin a tashi. Bizar huruj niha'i kwana 60 take bayarwa. Kwana sittin ba sa isa a sayar da mota, a biya tarar hanya, a rufe haya, a kwashe kuɗi daga banki, a kuma bi takardun yara.

Riyal, naira da sefa

Tun 1986 riyal yake ɗaure da dala a kan 3.75. Naira kuwa kowa ya ga abin da ya faru. A 2014 dala tana wajen naira 160, riyal bai wuce naira arba'in da 'yan kai ba. A Yunin 2023 aka saki naira daga wajen 460 a farashin gwamnati, kafin a yi nisa a 2024 ta haura 1,500. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Wanda ya koma a 2014 ya canza mukafa'arsa gaba ɗaya ya ajiye a banki yana cira kaɗan-kaɗan, ba ɓarawon da ya shiga gidansa, amma an yi masa sata.

Darasin shi ne kada a canza komai rana ɗaya. Bankunan Najeriya suna buɗe asusun dala. Tun Mayun 2025 kuma Babban Banki ya buɗe hanyar da mazauna waje za su yi BVN ba sai sun je gida ba. A buɗe asusun da sunan mai kuɗin, tun yana nan, a gwada tura kaɗan a ga ya shiga. Hukumar NDIC tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 ga mutum ɗaya a banki ɗaya, saboda haka mai miliyan goma sha tara kada ya zuba su wuri guda. Wanda zai riƙo kuɗi a hannu kuma ya tuna cewa abin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi ga kwastan a Najeriya, nan ma Saudiyya suna da tasu iyakar a kan kuɗi da zinare.

'Yan uwanmu na Nijar sun ɗan fi samun sauƙi ta nan, domin sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Amma dattawan Maraɗi da Damagaram ba su manta Janairun 1994 ba, ranar da aka wayi gari an raba darajarta biyu. Su ma raba ƙafa ya fi.

Mayar da dunƙule ya zama na wata-wata

Fansho ba komai ba ne illa abin da ke shigowa duk wata ko kana da lafiya ko ba ka da ita. Tunda ba mai haɗa mana, mu za mu haɗa da kanmu. Daga abin da na ji a bakin waɗanda suka koma, ga yadda hanyoyin suke.

Gidan zama shi ne farko, domin wanda ba ya biyan haya ya rage rabin damuwa. Sai dai gida ba ya ba da abinci. Waɗanda suka fi kwanciyar hankali su ne masu ƙaramin gida da shago biyu a jikinsa, ko ɗakunan haya a gefe. Waɗanda suka fi kuka su ne masu bene da ba a gama ba, kuɗi sun ƙare a linta. Fili kuma a tabbatar da takardarsa. Tun dokar 1978 ƙasa tana hannun gwamna, takardar mai unguwa kaɗai ba ta hana rigima ba. Mu da muka ga katafila a Bani Malik ba sai an yi mana wa'azin takarda ba.

Kasuwanci yana da daɗin faɗa. Amma wanda ya yi shekara 25 ba ya Kantin Kwari, kasuwar da ya sani ta tashi. Shiga sabuwar sana'a da dukan jari a shekara sittin caca ce, kuma in ta faɗi babu ƙarfin da za a sake tarawa. In za a yi, a ware abin da in ya salwanta ba zai hana cin tuwo ba. Haka zancen a sayi Adaidaita Sahu ko mota a ba yaro: waɗanda suka ci riba su ne waɗanda ke zaune a garin suna karɓar balas da hannunsu.

Ga mai gudun riba, akwai hanyoyin da ba a da su lokacin da muka baro gida. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan masu shi kuɗin haya sau biyu a shekara, kuma da naira 10,000 ma ana shiga. Ba zai sa mutum ya yi arziki ba, kuma da naira ake biya, amma ba ya kiran ka da dare ya ce injin ya buga.

Wanda ya taɓa aikin gwamnatin tarayya ko na kamfani a Najeriya bayan dokar fansho ta 2004, mai yiwuwa yana da asusun fansho da ya manta da shi. Kuɗin suna nan da sunansa a kamfanin fanshon, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, kuma daga shekara 50 yana da ikon nema. Zai zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko kamfanin fansho ya riƙa yanko masa duk wata daga asusunsa, in ya rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa, da lamunin shekara goma: in ya rasu kafin goman a biya magada ragowar, in ya wuce goman ba abin da za su gada. Ana iya tashi daga na farko a koma na biyu, amma ba a dawowa. Mai ƙananan yara ya yi tunani da kyau kafin ya sa hannu. Tun 2021 akwai kuma asusu na shida, wanda ba a juya shi ta hanyar riba. 'Yan Nijar da suka taɓa aikin albashi su ma su tuntuɓi CNSS da lambarsu.

Ga samarin da suka zo jiya kuwa, ku ne wannan ya fi amfana. An buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, a 2025 kuma PenCom ta fitar da ƙa'idar da mazauna waje za su riƙa zubawa da dala. Riyal ɗari a wata daga shekara talatin ya fi duk dabarar da mu za mu yi a hamsin da bakwai.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa shi ne magani. Katin ta'amin da muke shiga asibiti da shi a nan na mai aiki ne, ranar da igama ta mutu shi ma ya mutu. Mai hawan jini ko ciwon suga ya karɓi rahoton likitansa, ya tambayi farashin maganinsa a gida, ya sa shi cikin lissafin wata. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta buɗe ƙofa ga wanda ba ma'aikaci ba, jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano. A yi rajista tun ana da lafiya.

Ga 'yan uwa na gida

Wannan ɓangaren naku ne, kuma da girmamawa nake faɗa. Ƙanena ya kira ni kwanaki, bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, in ka tashi dawowa akwai wata harka, miliyan biyar kawai take so." Na ce masa, "Ka bari in dawo mu gani da idona." Ba don ban yarda da shi ba. Shi yana ganin miliyan biyar cikin goma sha tara, ni ina ganin wata arba'in da shida na cefane.

Wanda ya dawo muku daga Saudiyya da furfura, kuɗin da ke hannunsa ba tsaraba ba ne. Shi ne albashinsa na ƙarshe a duniya. Shekara ashirin yana aiko da na azumi, na Sallah, na asibiti, na auren wance, bai taɓa cewa a rubuta ba. Yanzu famfon zai tsaya, kuma shi ma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Ku sauƙaƙa masa. Wanda aka ba amanar fili ko gini ko shanu, ya fito da lissafi tun kafin a tambaye shi. Musamman iyayenmu mata masu shagala, waɗanda sallamarsu ba ta taka kara ta karya ba: duk abin da suka mallaka yana hannunku, in kun ci, ba su da kotun da za su je.

Mu ma na nan akwai namu. A rubuta komai: bashin da ake bin ka, wanda kake bi, adashin da kake ciki, asusun da kake da shi, sunan kamfani da ranar da ka fara aiki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuma muna jin nauyin rubutawa tsakanin wa da ƙane. In mutum ya rasu a bakin aiki mukafa'arsa ta magada ce, amma sai sun san da ita, sai kuma an bi ta ofishin jakadancinmu na Jidda da takardun gado da wakilci. Matarka ta san inda takardun suke. Ni na zaunar da tawa na nuna mata, ta ce, "Alhaji, wannan ai kamar wasiyya." Na ce ai ita ce.

Nawa shirin ga shi, ko zai yi wa wani amfani. Zan jira wa'adin kwantiragina ya cika, ba zan yi murabus ba. Iyali za su riga ni tafiya da shekara guda, abin da ake biya na murafiƙai ya koma ginin shago biyu a jikin gida. Mukafa'a in ta fito kashi uku za ta: ɗaya ya zauna a dala, ɗaya sukuk, ɗaya na cefanen shekara biyun farko da magani, kafin in gane kan garin. Na kuma sa wa kaina ranar tafiya, na faɗa wa maigidana tun yanzu, domin gara in fita da ƙafata da a ce mini gobe kada in zo.

Wani zai ga tsarinsa ya bambanta da nawa, kuma daidai ne, kowa ya san nauyin da ke kansa. Abin da ba shi da kyau shi ne a kai shekara sittin ba a taɓa ɗaukar biro ba. Allah ya sa mu gama lafiya, ya mayar da kowa gida da mutuncinsa, waɗanda kuma ƙasar nan za ta riƙe, Allah ya sa can ne mafi alheri gare su.